Masauki kusa da Aya Sofiya: yadda muka zaɓi otal a Istanbul saboda Hajiya

Wannan bayani ne a kan tafiya guda da shawara guda a cikinta, wato inda za a kwana. Mu huɗu ne muka je Istanbul a watan Mayu, ni da Hajiyarmu da Yaya da matarsa, tafiyar da ba ta kai mako ba. Kowa da abin da ya kai shi. Matar Yaya tana sarin abayoyi da kayan yara, don haka hankalinta na kan kasuwar Laleli. Yaya hutu yake so da ganin gari. Ni rakiyar Hajiya ce ta kai ni. Ita kuwa Hajiya abu ɗaya ta sa a gaba, ta yi sallah a masallacin Aya Sofiya, kuma ba sau ɗaya ba.

Son da take yi wa masallacin yana da mafari. Ranar Juma'a 24 ga Yulin 2020 ta zauna gaban talabijin ta kalli sallar Juma'ar farko da aka yi a cikinsa bayan shekara 86 yana matsayin gidan tarihi, tun daga nan bai bar bakinta ba. Ginin ya girmi hijira. An kammala shi a shekarar 537, zamanin Sarkin Rum Jastiniyan, a matsayin majami'a. Da Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 aka mayar da shi masallaci, a 1934 gwamnatin Mustafa Kamal, shugaban Turkiyya na lokacin, ta mayar da shi gidan tarihi, sannan ya koma masallaci a 2020. Hajiya ba ta riƙe shekarun nan ba. Abin da ta riƙe shi ne manyan faya-fayan nan takwas da ke rataye a ciki, masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi (SAW), da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Ta ce tana so ta ɗaga kai ta gan su bayan ta sallame.

Sai dai Hajiya ta haura saba'in, kuma tana fama da ciwon gwiwa. A fili mai laushi tana iya yin tafiyar minti goma da sandarta. Hawa ne ba ta iyawa, gangare kuma ya fi hawa ba ta wuya. Duk shawarar masaukin a kan wannan ta tsaya, kodayake da farko ba kowa ne ya gan ta haka ba.

Otal ɗin farko ba mu muka zaɓe shi ba. Neman bizar Turkiyya yana buƙatar shaidar an kama ɗaki, ejan ɗin da ya haɗa mana takardu sai ya sa mu a wani otal a Taksim, domin can ya saba sa mutanensa. Taksim wuri ne mai kyau ga mai son hada-hada, shaguna da gidajen abinci ba sa rufewa da wuri, kuma tun 2021 akwai babban masallaci a bakin dandalin. Amma yana wancan ƙetaren ruwa, arewa da tsohon birni. Wanda zai je Aya Sofiya daga can sai ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya hau jirgin igiya da ke gangarawa Kabatash, sannan ya shiga tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin titunan cikin gari, layin T1, ya tsallaka gadar Galata, ya sauka a tasha ta bakwai. Ga matashi wannan yawon buɗe ido ne a karan kansa. Ga tsohuwa mai sanda, zuwa sau ɗaya a yini ma aiki ne. Abin da ya cece mu shi ne ejan ɗin ya kama ɗakunan da sharaɗin ana iya sokewa ba tare da an yanki komai ba. Bizar na fitowa muka soke. Duk wanda zai kama ɗaki kafin a ba shi biza, irin wannan sharaɗin ya kamata ya nema, ko da ya ɗan fi tsada, domin ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa idan aka hana ka biza asara biyu ce.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne fahimtar yadda ƙasar wurin take, domin taswirar waya a shimfiɗe take nuna komai. Aya Sofiya da masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, suna fuskantar juna ne a saman tudu, da lambu da famfon ruwa a tsakaninsu. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Turkiyya, tana bayan Aya Sofiya. Daga wannan dandali, kusan duk inda ka nufa gangare ne. Ta kudu da gabas unguwar Jankurtaran ce, tana sauka zuwa Tekun Marmara. Ta kudu maso yamma, bayan tsohon filin sukuwar Rumawa, hanyoyi suna zubawa ƙasa sosai zuwa Kadirga. Ta arewa titin tiram yana gangarawa ta Gulhane zuwa Sirkeji da bakin ruwa. Ɓangaren da ya fi daidaito shi ne na yamma, titin Diwanyolu da 'yan layukan da ke kusa da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira Yerebatan. Ƙananan otal-otal masu sauƙin kuɗi da kyawun hoto sun fi yawa a gangaren kudu, domin daga samansu ana hango teku ta gefe ɗaya, kubbobi ta ɗaya gefen. Mai kwana can kullum da hawa zai fara zuwa masallaci, da gangara zai dawo, a kan daɓen duwatsu.

Da muka tace, otal uku suka rage, kuma kowanne yana da mai goyon bayansa a cikinmu.

Na farko yana Laleli, zaɓin matar Yaya. Laleli ita ce Kantin Kwarin Istanbul, layi-layi na shagunan sari, da masu tura kaya a amalanke, da ofisoshin kago masu aika kaya Afirka da Rasha da ƙasashen Larabawa. Otal ɗin babba ne, ginin zamani, ɗakuna masu faɗi, lifta biyu, kuma shi ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Hujjarta mai ƙarfi ce. Daga tashar Laleli zuwa ta Sultan Ahmad tasha uku ce kawai a tiram: Beyazit, Cembarlitash, sai ka sauka. Ta ce, "Kuɗin da za a rage a nan ya isa a yi wa Hajiya tsaraba mai kyau, kuma ga ɗaki da za ta miƙe ƙafa ta wala." Ba don kanta kaɗai ta faɗa ba, tana ganin sakewar ɗaki ita ce hutun tsoho.

Na biyu Yaya ne ya gano shi, ya kuma kamu da sonsa tun daga hoto. Tsohon gidan katako ne irin na zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da aka gyara ya zama otal, da furanni a tagogi, da wurin karin kumallo a saman bene inda ake hango jiragen ruwa. A bayaninsa an rubuta cewa minti biyu ne zuwa Aya Sofiya. Da na sa adireshin a Google Maps na zaɓi tafiyar ƙafa, sai na ga kusan kilomita guda, kuma da hawa. Ba ƙarya suka yi kai tsaye ba. A Istanbul akwai wani masallaci da ake kira Ƙaramar Aya Sofiya, shi ma ginin zamanin Jastiniyan ne, yana can ƙasa kusa da layin dogo da bakin teku, kuma unguwar da ke kewaye da shi sunansa take amsawa. Shi ne minti biyu daga otal ɗin. Masallaci ne mai kyau da natsuwa, amma ba shi Hajiya ta gani a talabijin ba. Ga shi kuma gidan hawa uku ne ba lifta, kamar yawancin irinsa, saboda tsofaffin gidajen nan ƙanana ne, kuma yankin yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta sa a jerinta tun 1985, ba a taɓa gini yadda aka ga dama.

Na uku ni na tsaya masa. Yana wani ɗan layi kusa da Yerebatan, ba shi da wani kyau a hoto. Ɗakunansa ƙanana, tagar namu bangon maƙwabta take kallo, kuɗinsa kuma ya kusa ninka na Laleli. Abin da yake da shi shi ne lifta, da hanya mai daidaito zuwa dandali wadda ba ta wuce 'yan mintoci ba ko da tafiyar Hajiya ce.

Gardamar ta ɗauki kwanaki, kuma abin da ya warware ta lissafin lokutan sallah ne. Tiram ɗin T1 yana fara aiki ne da ƙarfe shida na safe. A watan Mayu rana tana fitowa a Istanbul kafin shida. Ke nan duk wanda ya kwana a Laleli ba zai samu asuba a Aya Sofiya ta tiram ba, sai dai ya nemi tasi cikin duhu ko ya taka fiye da kilomita ɗaya da rabi. Isha kuma a wannan lokacin sai wajen ƙarfe goma na dare. Tsakanin asuba da isha akwai fiye da awa goma sha shida, ba yadda za a yi tsohuwa ta yini a dandali tana jiran sallah bayan sallah. Dole ta riƙa komawa ɗaki ta kwanta, ta sabunta alwala, ta sha magani, ta dawo. Idan kowace komawa sai an shiga tiram, kuma tiram ɗin nan da rana cike yake maƙil har ba wurin sa ƙafa, to za ta je sau ɗaya ne ta haƙura. Duk wanda ya taɓa yin Umra ya san bambancin wanda ya sauka a bakin Harami da wanda sai ya jira bas, na farko yana samun salloli biyar, na biyu yana zaɓar biyu ko uku.

Da aka shimfiɗa wa Hajiya wannan, ba ta yi dogon bayani ba. Ta dubi Yaya, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce, "Kai, ni ba kallon teku ya kawo ni Santambul ba. Ku ajiye ni inda zan ji kira in tashi in tafi da ƙafata." Yaya ya ce, "To Hajiya, an gama." Matarsa ta ce, "Yadda kuka ce haka za a yi, Hajiya, Allah Ya kai mu lafiya."

Kafin mu biya, na rubuta wa otal ɗin ta WhatsApp da tambayoyi, domin kalmar lifta a shafin kama ɗaki ba ta faɗin komai game da abin da ke tsakanin titi da ƙofar liftar. Na roƙi ma'aikacin ya ɗauko mini bidiyo daga bakin titi har cikin ɗaki, bai ƙi ba. A bidiyon na ƙirga matakala uku a ƙofar shiga, da ƙarfen riƙewa a gefe, wannan Hajiya za ta iya. Na tambayi ko banɗakin shawa ce ta tsaye ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga, ya ce shawa ce. Na tambayi ko ɗakin yana da taga, domin ɗakunan da ake sa wa mafi ƙarancin farashi a unguwar sau da yawa a ƙarƙashin ƙasa suke. Na tambayi butar dafa ruwa, saboda Hajiya ba ta fara yini sai da kunu, kuma mun taho da garinsa. Na tambayi matakalar fita idan gobara ta tashi. Sannan na karanta ra'ayoyin waɗanda suka taɓa kwana, na fara da waɗanda suka ba da maki mafi ƙaranci, domin mai yabo yakan ce komai ya yi kyau ne kawai, mai ƙorafi shi ke faɗin takamaiman abu. Ƙorafin da ya fi yawa a kan otal ɗin biyu ne, ƙanƙantar ɗaki da ƙarar kiran sallar asuba. Na biyun shi ne abin da muke nema.

Maganar kuɗi ma ta buƙaci natsuwa. Otal-otal ɗin yankin sun fi sa farashi da Yuro saboda Lira, kuɗin Turkiyya, ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma a farkon 2023 an sa harajin masauki na kashi 2 cikin 100, wanda wasu ke haɗawa cikin farashi, wasu ke karɓa a wurin. Mun nemi a rubuto mana jimillar abin da za mu biya baki ɗaya. Katin naira ba koyaushe yake wucewa a waje ba, don haka Yaya ya riƙe Yuro a hannu, muka biya da isarmu.

Filin jirgin Istanbul na yanzu, wanda ya karɓi duk zirga-zirga a 2019, yana nesa da tsohon birni da fiye da kilomita 40. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke fita daga can, amma ba ya kaiwa Sultan Ahmad kai tsaye, sai an sauya, ga akwatuna ga tsohuwa. Mun nemi otal ɗin ya turo mana mota a kan farashin da aka yanke tun muna gida. A nan aka ga farkon tsadar kusanci. Mota ba ta shiga dandalin, kuma layukan da ke kusa da shi wasu a toshe suke, wasu hanya ɗaya ce. Direban ya sauke mu a bakin wani layi, ma'aikacin otal ya zo ya ja akwatunan a kan duwatsu, ni na riƙe Hajiya. Mun iso da safe, ɗaki kuma ba a bayarwa sai ƙarfe biyu na rana, amma da yake na sanar da su akwai dattijuwa, sun shirya ɗaya da wuri.

Asubar farko ita ta nuna ko shawarar ta yi. Kiran sallah ya shigo ɗakin kamar a tsakar gidan aka yi shi, ladanin Aya Sofiya da na Sultan Ahmad suna karɓa-karɓa, wannan ya faɗi jimla ya tsaya, wancan ya amsa. Turkawa 'yan Hanafiyya ne, ba sa gaggawar tayar da asuba da zarar an kira, don haka Hajiya ta yi alwala a tsanake. Muka fito cikin sanyi, ta yafa mayafi biyu. Dandalin da muka gani jiya cike da layin 'yan yawon buɗe ido yanzu ba kowa sai masu shara da karnukan titi da ke kwance, da tsuntsayen teku suna kewaya hasumiyoyi cikin hasken fitila. Aka duba jakunkunanmu a ƙofa, muka cire takalma, muka wuce ɓangaren mata. Shimfiɗar ƙasa kore ce mai kauri, sanda ba ta ƙara a kanta. Kubbar tana sama da mita 55 daga ƙasa, kuma a wannan lokacin da mutane ba su da yawa muryar mai karatu tana zagaye ginin kafin ta sauka. Hajiya ta yi sallarta a zaune. Da aka sallame ta ɗaga kai tana karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta daɗe a kan na Sayyidina Abubakar.

Wannan sa'ar ce ainihin abin da aka biya. Tun watan Janairun 2024 baƙon da ya zo kallo yana biyan Yuro 25 ne ya shiga ta wata ƙofa daban ya hau benen sama, ƙasan kuwa na masu sallah ne, ba a biyan komai. Da hantsi layin masu tikiti yakan yi tsawo sosai. Wanda ya zo daga nesa a tsakiyar rana cunkoso zai tarar. Mu kuwa daga asuba sai mu koma Hajiya ta sha kunu ta yi barci, azahar ko la'asar ta zaɓi ɗaya ta je Sultan Ahmad, magariba da isha ta koma Aya Sofiya. Ranar Juma'a mun fita da wuri ƙwarai domin samun wuri a ciki, saboda jama'a har harabar waje suke cikawa, kuma da aka idar, lokacin da dubban mutane suka nufi tashar tiram, mu cikin 'yan mintoci muna ɗaki.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Liftar da muka dogara da ita ta tsaya ne a hawa na ƙarshe na ɗakuna, wurin karin kumallo kuma yana saman rufi, sai an bi wata matakala mai murɗewa. Bidiyon bai nuna wannan ba, bayanin otal ɗin ma bai faɗa ba. Hajiya ba ta taɓa hawa ba. Kullum ni nake sauko mata da tire, burodi da dafaffen ƙwai da cuku da zaitun da tumatir da shayi a ɗan kofin gilashi. Ma'aikatan ba su hana ba, amma abin ya dame ni, domin ta biya kuɗin zama a wurin da ake hango kubba tana cin abinci, ba ta samu ba. Ɗakin namu kuwa idan aka buɗe akwati biyu ba wurin shimfiɗa sallaya sai an tura ɗaya ƙarƙashin gado. Abinci a kewayen dandalin ya fi na ko'ina tsada, kuma masu kiran kwastoma a ƙofar gidajen abinci ba sa barin mutum ya wuce a natse. Yaya ya gano cewa idan ya gangara Sirkeji, tasha biyu a tiram, akwai ƙananan gidajen abinci da ma'aikatan gari ke ci, inda ake nuna abin da ake so a bayan gilashi, miyar adas da shinkafa da wake da nama, sai ya riƙa yo mana ƙunshi daga can.

Wadda ta fi ɗaukar nauyin shawarar ita ce matar Yaya. Kullum da safe sai ta shiga tiram zuwa Laleli da katin biyan kuɗin shiga da ake kira Istanbulkart, ta yini, ta dawo a gajiye cikin cunkoson yamma. Da a can muka sauka, da takan leƙa ɗaki ta ajiye samfur ta huta ta koma. Abin da ya rage mata wahala shi ne tsarin kasuwar kansa, ba sai ka ɗauki kayan da ka sara ba, shago yana kai su ofishin kagon da ka zaɓa, a auna, a rubuta maka rasit. Don haka ba ta shigo mana da dila ko ɗaya ba, kuma da ta shigo da ita ba inda za a ajiye. Ta kuma tsara kwanakinta da lura, domin babbar kasuwar nan mai rufi da ke Beyazit ba ta buɗewa ranar Lahadi, kamar yadda Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata. A gajeriyar tafiya, rana ɗaya da aka yi kuskurenta ba ta da madadi.

Topkapi ita ce ribar da ba mu lissafa ba tun farko. Ƙofarta ta farko tana bayan Aya Sofiya, don haka mun isa ana buɗewa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. A ciki akwai ɗakin da ake ajiye kayan da ake dangantawa da Annabi (SAW) da sahabbai, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, ana kuma karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Harabobin fadar suna da faɗi, Hajiya ta riƙa zama tana hutawa, kuma da ta fito ba ta da sauran ƙarfin shiga wata mota. Ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina, ita ce kaɗai fitar da ta yi mai nisa, muka bi T1 zuwa Eminonu, muka sauya zuwa tiram ɗin T5 da ke bin gaɓar ruwa har unguwar Ayyub Sultan, inda kabarin yake.

Ra'ayina bayan duk wannan shi ne, kuɗin da aka ƙara saboda kusanci ya biya kansa, amma saboda yanayin Hajiya ne da abin da ta je yi. Ba zan ba kowa wannan shawarar ba. Miji da mata masu ƙarfi a jika da za su shiga Aya Sofiya sau ɗaya, su yi hoto, su wuce kasuwa da yawon jirgin ruwa, ba su da dalilin matsuwa a ƙaramin ɗaki mai tsada. Sirkeji ta fi musu. Tana bakin ruwa, ga tiram, ga tashar Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa ɓangaren Asiya tun 2013, ga jiragen ruwa a Eminonu, abinci kuma da sauƙi, dandalin Sultan Ahmad kuwa tafiyar kwata ce ga mai lafiyar ƙafa. Abin da na fi ganin ɓarnar kuɗi a kansa shi ne ɗaki mai kallon masallaci. Ana ƙara masa farashi sosai, alhali mutum da dare yake shiga ya ja labule. Gine-ginen nan kuma tsofaffi ne, gyara ba ya ƙarewa a jikinsu. Masallacin Sultan Ahmad ya shafe shekaru cikin ƙarafunan gyara kafin a sake buɗe shi gaba ɗaya a watan Afrilun 2023, waɗanda suka biya kuɗin kallo a wancan lokacin ƙarfe da tamfol suka kalla.

Akwai abu guda da har yanzu ba mu daidaita a kai ba ni da matar Yaya. Ita tana ganin da an raba masaukin, ni da Hajiya a kusa da dandali, ita da Yaya a Laleli, tunda tasha uku ce tsakani, da an rage kuɗin ɗaki ɗaya kusan rabi, ita ma ta samu sauƙin kasuwarta. A lissafi tana da gaskiya. Abin da ya sa Yaya bai yarda ba shi ne dare. Ya ce idan jikin Hajiya ya motsa ƙarfe biyu, tiram ya tsaya tun sha biyu, ni kaɗai ce a kanta a garin da ba na jin yarensu. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi, shi ya sa kowannensu yake nan a kan bakansa. Tafiyar sarin da za ta yi nan gaba ita da abokiyar kasuwancinta, ta riga ta ce a Laleli za su sauka, asuba ɗaya kuma za ta ɗauki tasi ta je Aya Sofiya.